Motar da kamfani ya yi aiki da ita: riba ce ko tarko?

Masu karatu, duk wanda ya san unguwar Wadata, da kasuwarta da babbar tasharta, ya san cewa zancen mota ba ya ƙarewa a bakin dillalai da direbobi. A cikin wannan zance akwai wata tambaya da ke damun ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati baki ɗaya: idan kamfanin sayar da sababbin motoci ya fitar da wadda ya yi ta ara wa masu kawo gyara, ko wadda ake gwada wa masu saye, ya rage mata kuɗi, shin ya kamata mutum ya zuba gumin shekarunsa a kanta? Amsar tana bukatar a waiwayi inda motocinmu suke fitowa.

Daga hamada zuwa bakin teku

A shekarun 1970 da 1980, Turawa matafiya kan ƙetaro hamada da Peugeot 504 ta Tamanrasset, Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Yamai, su koma gida ta jirgi. Tawayen arewa da rikicin Aljeriya na farkon shekarun 1990 suka toshe wannan hanya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Sai kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin da ake tarawa a titin Heyvaert na birnin Buruksel, a loda su a Anvers, a sauke a Kotonu da Lome. Wani rahoto na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2020, ya ƙirga ƙananan motoci tsofaffi miliyan 14 da Turai, Amurka da Japan suka fitar daga 2015 zuwa 2018, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville. A 2024 Benin ta buɗe nata ɓangare, Nijar ta bar nata a rufe, kaya suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya hau. Wannan ne ya ƙara wa motar da ta riga ta shigo Yamai daraja a idon mai saye.

Abin da ke cikinta na alheri

Na farko, asalinta sananne ne. Motar bakin teku ba ta da mai ba da shaida: ana iya mai da kwantar baya, ana iya fente wadda ta yi haɗari ko ta kwana cikin ambaliya a Amurka. Ita kuwa ta kamfani, a garejinsa aka yi mata juyen mai, kuma ko wane gyara yana rubuce.

Na biyu, don ƙasarmu aka shigo da ita. Manyan kamfanoni irin su CFAO, wanda aka kafa a Marseille a 1887, ya kuma koma hannun Toyota Tsusho na Japan a 2012, suna kawo samfuran da aka shirya wa zafi, ƙura da hanyar marmara. Motar gazuwal ta zamani da aka ƙera don Turai tana da matatar hayaƙi mai toshewa idan man yana da ƙibiritu da yawa, gyaranta kuwa ba na kowane makanike ba ne.

Na uku, asarar farko ta riga ta faɗa kan kamfani, domin mota ta fi zubar da daraja a shekararta ta fari.

Inda gizo ke saƙar

Amma fa kayan aro ba ya samun tausayi. Motar da hannu talatin suka tuƙa, kowa da irin takunsa, ambirayaj da birki da amortisar ne ke biyan bashin. Ƙaramin adadi a kwantar ma yana ruɗi. Gajerun tafiye-tafiye cikin gari, da tsayawa inji na aiki don kilim a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, suna tsufar da mai da batir ba tare da kilomita ta motsa ba. Ba kuma wanda zai rantse cewa mai aro bai sha man ƴan ruwa-ruwa a bakin hanya ba.

Sai batun garanti. A galibi yana fara ƙirga ne tun ranar da motar ta fara aiki, ba ranar da kai ka saya ba. A misali, idan garantin na shekara 3 ne ko kilomita 100.000, kuma motar ta yi wata 14 a hannun kamfani, saura wata 22 kawai. Ragin da aka yi maka dole ya rufe wannan giɓi, in ba haka ba sunan araha kawai ka saya.

Haka nan a rarrabe ta da ƴan uwanta, wato motocin da ƙungiyoyin agaji, ofisoshin jakadanci da ayyukan raya ƙasa suke sayarwa bayan sun gama da su. Da yawa cikinsu sun shigo ba tare da biyan duwan ba. Ranar da suka koma hannun mutum, sai an biya haƙƙin duwan kafin a samu kart giriz da sabuwar lamba. Wanda bai yi wannan lissafi ba, zai ga araha ta rikiɗe ta zama tsada.

Kafin a miƙa kuɗi

A nemi littafin kula da motar da takardun gyaranta, a duba ko kwanaki da kilomita suna bin juna. A gwada lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17 da wadda ke kan kart giriz. A duba alƙaluma huɗu na gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar ƙira. A zo da makanike na kanka, ba na mai sayarwa ba, ya ɗaga ta ya leƙa ƙasanta, ya nemi alamar walda da sabon fenti, ya tashe ta da safe inji na sanyi. A tuƙa ta kan kwalta da kan marmara. A sa ranar ƙarewar garanti a rubuce cikin faktir, da hatimi, domin alkawarin baki ba ya tsayawa gaban alƙali. A kuma ware kuɗin asirans, binyat da bizit tun kafin ciniki.

Hukuncin ya danganta da mai saye. Ma'aikacin da ya ci bashin banki, wanda ba zai iya haɗa biyan wata da gareji ba, irin wannan mota ta fi masa kwanciyar hankali, muddin takardu sun cika kuma ragin ya taka kara ya karya. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Yamai, Ƙonni da Maraɗi, shi ya fara tambayar ko ana samun kayan gyaranta a hanya. Idan kamfani ya ƙi nuna littafi, ko ya hana makanikenka dubawa, to ka riƙe kuɗinka. Magabata sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah ya haɗa mu da alherin abin hawa, ya raba mu da sharrinsa.