Gyaran tsirkiyar gurmi a ƙasar Magarya da Dungas: yadda ake yin aikin da kalmomin da ake faɗarsa da su

1. Gabatarwa

Kafin mai gurmi ko mai garaya ya fara wasa, yakan ɗauki ɗan lokaci yana taɓa tsirkiya, yana kasa kunne, yana tura wani ɗaurin fata a wuyan abin kiɗan, wani lokaci kuma yana ɗan gunguni da muryarsa. Wannan aiki shi ne ake kira accordage da Faransanci. Da Hausa kuwa kalmar da aka fi ji ita ce «gyara». Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake yin gyaran, da dalilan da suka sa yake tafiya haka, sannan ta duba kalmomin da Hausa take amfani da su a kansa. Abin da muke son nunawa shi ne: gyaran gurmi al'amari ne na dangantaka tsakanin tsirkiya da tsirkiya, da kuma tsakanin tsirkiya da muryar mawaƙi, kamar dai yadda karin sautin Hausa yake. Wanda bai fahimci haka ba zai iya ɗaukar gurmin da ya gyaru a matsayin wanda ya karkace.

Mun ɗauki gundumomin Magarya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram, a matsayin fagen bayani. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Kafin nan tana cikin Magarya. Yankin yana kan iyaka da jihohin Katsina da Jigawa na Najeriya, kuma makaɗa, kamar fatake, suna ƙetare wannan iyaka, musamman ta hanyar kasuwanni irin ta Maigatari da take ci ranar Alhamis. Saboda haka abin da za mu faɗa game da Bande ko Malawa bai sha bamban ƙwarai da abin da ake yi a ƙasashen Daura, Gumel da Haɗeja ba, inda marigayi Haruna Uji ya yi suna da gurmi.

2. Sassan da gyara ya shafa

Gurmi ƙaramar ƙwarya ce da aka rufe da fata, sau da yawa ta guza ko ta akuya, aka soka mata sanda. Tsirkiyoyinsa biyu ne, a wasu wurare uku. Garaya kuwa, wadda aka sani da mafarauta da masu bori, jikinta na itace ne, amma yadda ake ɗaure tsirkiyarta a wuya iri ɗaya ne da na gurmi. Ames da King sun tattara sunayen sassan waɗannan kayayyaki a ƙamusunsu na kiɗan Hausa na 1971. Guda huɗu ne suka shafe mu:

(a) tsirkiya, wadda a yau galibi zaren nailan ne irin na masunta;
(b) kallabi, wato tsirin fatar da ake naɗawa a wuyan sanda a ɗaure tsirkiya a jikinsa;
(c) jaki, ɗan guntun da yake zaune a kan fata, tsirkiya ta bi ta kansa;
(d) fatar da ta rufe ƙwaryar.

Ya kamata mu lura cewa gurmi ba shi da maɓallan murɗawa irin na garayar Turawa, kuma wuyansa sumul yake, ba a gitta masa ƙarafan da suke raba sauti mataki-mataki ba. Waɗannan abubuwa biyu su ne tushen duk bambancin da za mu gani a sashe na 6.

3. Abin da yake sa sauti ya hau ko ya sauka

Sautin tsirkiya yana fitowa daga karkarwarta. Yawan karkarwa a cikin daƙiƙa ɗaya (fréquence) shi ne ake aunawa da Hz. In ya ƙaru sauti ya hau, in ya ragu ya sauka. Marin Mersenne ya bayyana dokokin wannan al'amari a littafinsa Harmonie universelle na 1636, kuma uku ne:

(1) Tsawo: in aka raba tsawon tsirkiya biyu, karkarwa takan ninka sau biyu.
(2) Ja: kafin karkarwa ta ninka sau biyu, sai an ninka ƙarfin jan sau huɗu.
(3) Nauyi: tsirkiya mai kauri da nauyi ta fi siririya jinkirin karkarwa.

A nan akwai wani abu da yakan rikita ɗalibai. In makaɗi ya tura kallabi zuwa ƙarshen sanda, tsirkiya takan ƙara tsawo, kuma bisa doka ta (1) kamata ya yi sauti ya sauka. Amma hawa yake yi. Dalili kuwa shi ne turawar tana taɓa doka ta (1) da ta (2) a lokaci guda, kuma ta (2) ce take rinjaye. Ɗan matsawar da bai kai faɗin farce ba kusan bai canja tsawo da komai ba, amma yana ƙara jan sosai. Bisa lissafi, ƙarin ja na wajen kashi 12 cikin 100 ya isa ya ɗaga sauti da rabin mataki (demi-ton). Wannan ne ya sa gwanin makaɗi yake tura kallabi a hankali da babban yatsa, yana ɗan jujjuya shi, ba ya fizga.

4. Matakan gyara

Za a iya kasa aikin kashi biyar, ko da yake a hannun gwani duka suna wucewa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

Na farko, duba fata da jaki. In fata ta saki, jaki yakan nutse, sauti ya dushe. Babu amfanin taɓa kallabi kafin a magance wannan. In jaki ya goce, sai a maido shi mazauninsa, domin gocewarsa tana canja tsawon tsirkiyoyin duka.

Na biyu, kafa tsirkiya ta farko a kan murya. Makaɗin da yake waƙa da kansa yakan nemi inda muryarsa take zama ba tare da wahala ba, ya ja tsirkiya ko ya sassauta ta har ta dace da wurin. In wani ne zai yi waƙar, muryar wannan ake bi. Ke nan ma'aunin farko yana maƙogwaron mutum, kuma yana iya canjawa daga safe zuwa dare.

Na uku, ɗora tsirkiya ta biyu a kan ta farko. Abin da ake nema shi ne tazara. Tazarar da kunnen ɗan Adam ya fi saurin ganewa su ne waɗanda lissafinsu yake da sauƙi: 2 bisa 1 (octave), 3 bisa 2 (quinte), 4 bisa 3 (quarte). Mai koyo zai iya gwada su da kansa: in ya danne tsirkiya a kashi ɗaya cikin uku na tsawonta daga wajen kallabi, zai sami 3 bisa 2, in ya danne a kashi ɗaya cikin huɗu, zai sami 4 bisa 3. Tazarar da makaɗi zai zaɓa ta danganta da abin da ya gada daga maigidansa da kuma taken da zai kaɗa.

Na huɗu, sauraron rawar sauti. In sautuka biyu sun kusanci juna amma ba su haɗu ba, kunne yakan ji wani kaɗawa, kamar sautin yana kumbura yana sacewa (battements). Yawan kaɗawar daidai yake da bambancin karkarwar biyu: 440 Hz da 443 Hz za su ba da kaɗawa uku a daƙiƙa. Makaɗi yakan danne tsirkiya ɗaya a inda ya kamata ta yi daidai da ɗayar, ya buga su tare, ya ci gaba da tura kallabi har rawar ta lafa.

Na biyar, gwaji da take. Makaɗi yakan kaɗa ɗan guntun taken da hannunsa ya saba da shi, ya sake komawa kan tsirkiya ta farko. Komawar wajibi ce, domin jan tsirkiya ta biyu yana ƙara danne jaki a kan fata, ta farko kuma ta ɗan saki.

5. Yanayi da gyara

Fata tana shan laima tana kuma fitar da ita. A ƙasar Magarya da Dungas, wadda tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a jihar Damagaram, bambancin damina da rani a bayyane yake a jikin gurmi. Daga Yuni zuwa Satumba fata takan saki, sauti ya sauka ya yi nauyi. Shi ya sa ake shanya abin kiɗa a rana ko a kanga shi kusa da wuta, kamar yadda makaɗan ganga suke yi. Da hunturu kuwa fata takan ɗaure ƙwarai, kallabi ya bushe, wani lokaci ya riƙa zamewa a kan sanda, sai an ɗan jiƙa shi ya kama. Sabon zaren nailan shi ma yana ɗaukar kwanaki yana miƙewa kafin ya zauna. Saboda haka gurmin da aka gyara da la'asar a Waca ko Yekuwa, in wasa ya kai tsakar dare raɓa ta sauka, dole a sake taɓa shi.

6. Kwatanci da ukulele

Domin a ga bambanci sosai, bari mu ɗauki wani ƙaramin abin kiɗa da girmansa bai wuce na gurmi da yawa ba, wato ukulele. Asalinsa ƙananan garayun tsibirin Madera ne, waɗanda baƙin haure na ƙasar Fotugal suka kai tsibiran Hawai a 1879. Tsirkiyoyinsa huɗu ne, kuma gyaran da aka fi yi masa shi ne sol, do, mi, la, wato wajen 392, 262, 330 da 440 Hz. Kowace tsirkiya tana da maɓallinta na murɗawa.

Mai ukulele yana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ya bi ma'auni na waje: ƙarfen diapason, ko na'ura, ko manhajar wayar salula. Ma'aunin la = 440 Hz yarjejeniya ce ta mutane: Faransa ta tsayar da 435 Hz a 1859, taron Landan na 1939 ya amince da 440. Hanya ta biyu ita ce ya gwada tsirkiyoyin da junansu: do da aka danne a gida na huɗu ta ba da mi, mi a gida na uku ta ba da sol, a gida na biyar ta ba da la. Wannan hanya ta biyu ita ce ƴar'uwar matakai na uku da na huɗu da muka gani a sama.

Bambancin yana wurare biyu. Mai ukulele yana gyara ne domin ya dace da wasu kayan kiɗa da aka riga aka tsayar da sautinsu, mai gurmi kuwa domin ya dace da murya. Sannan ƙarafan da aka gitta a wuyan ukulele suna ƙayyade kowane mataki, alhali yatsan mai gurmi yana iya matsawa kaɗan ya cike abin da gyara ya rage. Matsalar takan taso ne in an haɗa tsarin biyu. Marigayi Malam Maman Barka (ya rasu a 2018), wanda ya yi fice da gurmi kuma ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, yana cikin waɗanda suka kai irin waɗannan kayan kiɗa dandalin duniya, inda sau da yawa sai abin kiɗan gargajiya ya bi ma'aunin 440.

7. Karin sauti da kalmomin gyara

Ga mai nazarin harshe, tsarin gurmi ba baƙo ba ne. Karin sama da karin ƙasa a Hausa ba su da wani adadin Hz nasu. Abin da ya raba kuka (na hawaye, sama-sama) da kuka (itace, sama-ƙasa), ko wuya (gaɓar jiki, sama-ƙasa) da wuya (wahala, ƙasa-sama), shi ne matsayin gaɓa dangane da maƙwabciyarta. Yaro da dattijo suna furta su a matakan murya daban, amma ma'ana ba ta canjawa. Har a bakin mutum ɗaya, a jimla kamar «Audu ya tafi gida», duk karin saman da ya biyo bayan na ƙasa yakan sauko ƙasa da wanda ya gabace shi. Kunnen Bahaushe, ke nan, tun yana goye ya saba da auna tazara.

Kalmomin gyara su ma suna da abin lura. Dubi waɗannan:

(4) Ja tsirkiyar kaɗan. / Sassauta ta.
(5) Tsirkiya ta saki. / Ta yi tauri.
(6) Muryarta siririya ce. / Muryarta ta yi kauri.
(7) Gurmi ya gyaru. / Tsirkiya ta ɗauru.

A (4) da (5) harshe yana bayyana abin da hannu yake yi da halin da tsirkiya take ciki, wato doka ta (2). A (6) ana siffanta sauti da kauri da siranta, wanda ya yi daidai da doka ta (3), a inda Faransanci yake cewa haut da bas, ko aigu da grave. A (7) kuwa muna ganin aikatau na aji na 7 a tsarin Parsons (1960), masu ƙarewa da -u, waɗanda suke nuna cewa aikin ya kammala yadda ya kamata. Har ila yau abin kiɗa yana da «murya» da «wuya», kamar mutum.

8. Kammalawa

Tun daga makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci da aka buɗe a Damagaram a 1973, har zuwa 2025 da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, buƙatar keɓaɓɓun kalmomi na koyarwa sai ƙaruwa take yi. Dangane da abin da ya gabata, muna ba da shawarwari uku. Na ɗaya, mai shirya littafin koyar da kiɗa ko kimiyyar sauti ya fara da kalmomin makaɗa (ja, sassauta, kauri, siranta, gyaru) kafin ya ƙirƙiro sababbi. Na biyu, mai ɗaukar kiɗa domin bincike ya ɗauki lokacin gyaran shi ma, ya rubuta wata da sa'a da yanayin da aka yi ɗaukar. Na uku, in za a rubuta sautin gurmi, a rubuta tazarar da take tsakanin tsirkiyoyi da matsayinsu dangane da muryar mawaƙi; adadin Hz ya biyo baya a matsayin ƙarin bayani.