Gigabayit Nawa Zai Wadatar Da Sabuwar Kwamfutar Tebur?

Duk wanda ya shiga kasuwar Computer Village ta Ikeja, ko Farm Centre ta Kano, da niyyar sayen kwamfutar tebur, kafin ya zauna an tare shi da lissafin gigabayit. A nan fa akan yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa, domin gigabayit iri biyu ne. Akwai na rumbun ajiya, inda takardu da hotuna ke kwana ko an kashe na'ura. Akwai kuma na ƙwaƙwalwar aiki, wadda masana ke ce wa RAM, watau kamar tabarmar da ɗan koli ke baje haja. In tabarma ta yi ƙanƙanta, tilas ya kwashe wannan kafin ya baje wancan, mai saye kuwa na tsaye yana jira. Wani mai shagon sai ya yi ta kururuta girman rumbu, ya ja bakinsa game da tabarma.

Lokacin da kamfanin Microsoft ya fito da Windows 11 a 2021, ya ƙayyade gigabayit 4 a matsayin mafi ƙaranci. Wannan adadi na tayar da na'ura ne kurum. Da an buɗe 'yan shafuka a Chrome aka haɗa da Word, sai ta soma jan ƙafa, saboda ta koma aron wuri a rumbu, shi kuwa rumbu bai kai ta sauri ba. Abin mamaki, kwamfutar IBM ta 1981 da kilobayit 16 kacal ta fara zuwa kasuwa.

Gigabayit 8 zai ishi mai shagon buga takardu da cike wa ɗalibai fom. Amma wanda ke son na'urar ta yi masa shekaru, gara ya daure ya nemi 16. Ko kamfanin Apple a 2024 nan ya mayar da matakinsa na farko. Masu tace fim da masu zanen gine-gine su ne ke da hujjar neman 32. Ga sauran jama'a, wannan kuɗi ne aka binne, balle ma da farashin ƙwaƙwalwa ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025, sa'ad da manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka yi ta wawason ta.

Alherin kwamfutar tebur shi ne akan iya ƙara mata daga baya, muddin an bar gurbi. Saboda haka ya kamata mai saye ya sa a buɗe murfi a gabansa, ya ƙirga guraben da idonsa. Sanda biyu masu 8 sun fi guda mai 16 sauri, amma in guraben biyu ne tak, ƙofar ƙari ta rufe ke nan sai an cire na ciki. Ya kuma tambaya ko DDR4 ce ko DDR5, don sandar ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Ita kuwa Mac mini ta yanzu, ƙwaƙwalwarta a manne take, abin da aka saya ranar farko da shi za ta tsufa.