Stratocaster da Les Paul: Wace Jita Ce Ta Fi Dacewa da Hannunmu?

Cikin jitocin lantarki da aka ƙera tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, guda biyu ne suka raba manyan makaɗan rok gida biyu: Stratocaster ta kamfanin Fender da Les Paul ta kamfanin Gibson. A Amurka aka yi su duka, kowace tsirkiyarta shida, kuma shekara biyu kacal ke tsakaninsu. Duk da haka, wanda ya saba da su ko daga bayan katanga ya ji amo zai faɗa maka wacce ake kaɗawa. Maganar ta shafe mu, domin ɗaya daga cikin makaɗan jita da duniya ke ji da su a yau maƙwabcinmu ne: Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, Ba'abzine daga jihar Tawa a Nijar, wanda ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko, Anar, a Sakkwato cikin 2008. Jitar da ya riƙe ya zagaya duniya da ita Stratocaster ce. Ina ganin zaɓin nasa yana da dalili, kuma dalilin ya kamata matashin Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu mai sha'awar tsirkiya ya san shi.

Bambancin ya faro ne daga mutanen da suka ƙera su. Gibson tsohon gida ne na masu sassaƙa kayan kiɗa a garin Kalamazoo na jihar Michigan. Da suka fito da tasu jitar a 1952, sai suka sa mata sunan Les Paul, shahararren makaɗi a wancan zamani, suka kuma yi ta yadda suka gada: gangar jiki mai kauri daga icen da ke dangi ɗaya da maɗacinmu, an shimfiɗa mata wani katako mai tauri a fuska an sassaƙe shi ya yi tudu, sannan aka kafa wuya a cikin jiki da gam. Shi kuwa Leo Fender na garin Fullerton a jihar California, mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba. Tunaninsa na mai gyara ne: yaya za a haɗa abu cikin sauƙi, a kwance shi cikin sauƙi? Stratocaster da ya fitar a 1954 falle ɗaya ce ta katako, an rarake bayanta da gefenta don ta kwanta a jikin mai kiɗa, an ɗaure wuyanta da kusoshi huɗu masu zare. Kayan wutarta kusan duka a kan farantin roba ɗaya suke, in ka kwance shi sai ka ɗago su gaba ɗaya.

Inda amo ke fitowa shi ne maɗaukin sauti, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe aka ajiye ƙarƙashin tsirkiya. In tsirkiyar ƙarfe ta motsa a kansa, sai ya mayar da motsin ya zama 'yar wutar lantarki, ita ce ke bin waya zuwa amfilifaya da lasifika. Stratocaster tana da irin wannan guda uku, kowane naɗi ɗaya. Muryarta siririya ce, garau, kowane tsinke na yatsa yana fita daban. Aibinta shi ne naɗi ɗaya yana kwaso gurnanin wutar da ke kewaye da shi, sai ka ji lasifika tana "zzzz" ko ba a taɓa komai ba. Wani injiniyan Gibson mai suna Seth Lover ya magance wannan da haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, gurnanin ɗaya ya kashe na ɗaya. Daga 1957 aka fara sa wa Les Paul irinsa guda biyu. Gurnani ya tafi, murya kuma ta yi kauri, ta yi nauyi, ta daɗe tana amo kafin ta mutu.

Wanda ya taso da kayan tsirkiyar Hausa zai gane wannan bambanci nan take. Akwai kayan da ake ja, amonsu ya miƙe yana kuka, irin goge ko kukumar Hassan Wayam. Akwai kuma waɗanda ake tsinka, amon ya fito da kaifi ya ɗauke da wuri don ya ba na bayansa wuri, irin gurmi da molo da kuntigin Ɗan Maraya Jos. Les Paul tana karkata ga gidan farko, ko da yake ita ma tsinkarta ake yi. Stratocaster kuwa 'yar gida na biyu ce.

A hannu ma sun bambanta. Tsawon tsirkiyar Stratocaster daga gada zuwa kai inci 25.5 ne, na Les Paul inci 24.75. Tazarar ba ta kai inci ɗaya ba, amma yatsa yana jin ta: ta Les Paul ta fi laushin lanƙwasawa, ta Stratocaster ta fi tauri da ƙara. Les Paul takan zarce kilo huɗu, Stratocaster takan tsaya wajen uku da rabi. Makaɗin da zai tsaya a filin biki daga bayan isha'i har tsakar dare, kafaɗarsa ta san darajar wannan rabin kilo. Stratocaster kuma tana da 'yar sandar ƙarfe a gadarta, wadda in an danna ta tsirkiyoyi su saki, murya ta yi ƙasa ta dawo. Les Paul ta asali ba ta da wannan.

Makaɗin da ya fi nuna abin da kowace ke iya yi shi ne Eric Clapton na Ingila, domin ya zauna da su duka biyun. A 1966, cikin kundin da ya yi da ƙungiyar John Mayall, ya haɗa Les Paul da amfilifayar Marshall ya ƙure ƙararta, aka ji wata murya mai kauri da kuka wadda matasan Ingila ba su saba ji ba. A lokacin Gibson ta riga ta daina yin wannan samfuri tun 1960 saboda rashin kasuwa. Neman da aka shiga yi wa tsofaffin ne ya sa kamfanin ya dawo da ita a 1968. Jimmy Page na ƙungiyar Led Zeppelin ya sayi tasa daga hannun Joe Walsh a 1969, daga baya Slash na Guns N' Roses ya gaji wannan hanya. Amma shi Clapton sai ya juya. A 1970 ya sayi tsofaffin Stratocaster shida a wani kanti a birnin Nashville, ya kyautar da uku ga abokansa George Harrison da Pete Townshend da Steve Winwood, ya kwance sauran ukun ya tsinci abin da ya fi kyau a kowace, ya haɗa guda ɗaya baƙa da ya kira Blackie. Ita ya riƙe har tsakiyar shekarun 1980, kuma a 2004 aka yi gwanjonta kan dala 959,500 don tallafa wa cibiyar kula da masu fama da shaye-shaye da ya kafa. Abin lura a nan shi ne, irin wannan haɗe-haɗe ba ya yiwuwa da jitar da aka kafa wuyanta da gam. Kuma juyawar tasa ta zo daidai da lokacin da ya koma mawaƙi mai rera baiti, yana neman jitar da za ta amsa wa murya ba tare da ta danne ta ba.

Jimi Hendrix ya nuna wata fa'idar. Shi bahago ne, jitar bahagwai kuwa tana da wuyar samu a zamaninsa. Sai ya ɗauki Stratocaster ta masu dama ya kifa ta, ya sake jera tsirkiyoyin. Da yake an yanke kafaɗunta biyu, sama da ƙasa, ko a kife hannunsa yana isa can ƙarshen wuya. Les Paul kafaɗa ɗaya aka yanke mata, in ka kifa ta katako ya tare maka hanya. Da farar Stratocaster ya tsaya a taron kiɗa na Woodstock a 1969.

Mdou Moctar ma bahago ne. Ya taso a gidan da ba a son kiɗa saboda riƙon addini, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san gidajen Zamfara. Da ya ga Abdallah Oumbadougou yana kaɗa jita, sai ya je ya haɗa tasa da katako da wayar birkin keke. Waƙoƙin da ya ɗauka a Sakkwato, waɗanda salon situdiyon Hausa ya yi tasiri a kansu, ta wayoyin hannu suka yaɗu daga wannan zuwa wancan, har ɗaya ta shiga kundin da Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya tattara a 2011. Daga nan hanya ta buɗe: Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021, Funeral for Justice a 2024. Ka dubi hannunsa yana kiɗa. Ba ya riƙe 'yar robar nan da Turawa ke tsinka tsirkiya da ita. Babban yatsa yana dukan tsirkiyar sama tana riƙe amo ɗaya ba sauyi, manuni yana share na ƙasa da sauri, ɗaya hannun kuma yana danna yana saki a kan wuya ana jin ƙananan amo suna bin juna a guje. Haka mai molo ko mai gurmi yake yi. Irin wannan gudu yana bukatar jitar da za ta rarrabe kowane tsinke, kada su cakuɗe. Wannan ne ainihin abin da naɗi ɗaya ya ƙware a kai. Bombino na Agadas, wanda ya koyi hannu yana kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler, shi ma wannan siririn amo mai kaifi ne tambarinsa.

Ba za a tauye wa Les Paul haƙƙinta ba, domin a ƙasarmu tana da hujja mai ƙarfi. Kiɗan biki a wajenmu da janareta ake yi, da wayoyin da aka jona yadda ta samu. A irin wannan wuri gurnanin Stratocaster yana ƙaruwa, ita kuwa Les Paul shiru take. Kuma makaɗin da ke shi kaɗai, ba mai tallafa masa da wata jita, kaurin muryarta yana cika masa fili. Wanda zuciyarsa ke wajen kukan goge, mai son ya riƙe amo ɗaya ya girgiza shi har ya taɓa zuciya, ita ce tasa. Sai dai yawancin Stratocaster na yanzu an juya naɗin tsakiyarsu, don haka in ka ajiye makunnin zaɓen maɗaukin sauti a matsayi na biyu ko na huɗu gurnanin yakan ɗauke. Matsalar tana da magani.

Matsalar Les Paul ce ba ta da magani mai sauƙi a nan. Kanta ya lanƙwashe baya sosai, icen kuma ya yi siriri daidai wurin, har an san ta da karyewa a nan in ta faɗi. Ka tuna yadda kayan kiɗa ke tafiya a ƙasarmu: an goya su a babur daga Karakkai zuwa Bunguɗu, ko an cusa su bayan mota tare da lasifika, ga ƙura, ga bushewar hunturu da ke tsotse katako. In wuyan Les Paul ya karye, sai ƙwararren da ya san aikin. In na Stratocaster ya lalace, kusoshi huɗu za ka kwance ka sa wani, kayan wutarta kuwa duk mai gyaran rediyo da ke da abin walda na dalma zai iya duba su. Wajen kuɗi kuma, ko da yake kowace tana da ƙanwa mai rahusa, Squier ta Fender da Epiphone ta Gibson, masu siffar Stratocaster sun fi yawa a duniya, kayan gyaransu sun fi samuwa.

Saboda haka, in aka tambaye ni, Stratocaster ce ta fi dacewa da mu. Kiɗan Hausa kiɗan magana ne. A ƙasar da ta haifi Salihu Jankiɗi na Rawayya da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, baiti ne sarki, kayan kiɗa 'yan rakiya ne masu amsawa. Jitar da za ta zauna a wannan gida dole ta iya shiga tsakanin jagora da 'yan amshi, ta faɗi tata ta ja baya, ta bar wa kalangu da kotso wurinsu. Siririyar murya ce ke iya wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne situdiyoyinmu sun miƙa komai ga fiyano da kwamfuta, har amon gurmi da kukuma daga cikin na'ura ake kwaikwayo, alhali masu kaɗa su na gaske suna tsufa ba magada. Abzinawa sun ɗauki hannun kayan tsirkiyar iyayensu suka ɗora a kan jitar lantarki, duniya ta saurara. Mu ma muna da wannan hannu. Yaron da ya zauna gaban mai gurmi ya koyi yadda ake tsinka tsirkiya ta yi magana, sannan ya ɗauki jita, zai zo da abin da babu wanda ya taɓa ji a Landan ko Agadas. Ya fara da gurmin. Zaɓin jita zai zo masa da sauƙi bayan nan, domin kunnensa zai riga ya san abin da yake nema.