Kufan Masu Wankin Zinariya: Ɓarna Ce Ko Kayan Tarihi?

Ɗalibin da ya tashi a Birnin Kudu ba sai an gaya masa cewa dutse yana iya zama kayan tarihi ba. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu marasa tozo da mutanen da suka yi a jikin dutse, ga kuma duwatsu masu amo kamar kuge idan an buga su. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarinsu cikin shekarun 1950, daga baya hukuma ta sa su cikin wuraren da doka ta kare. Ba wanda ya yi gardama, domin zane abin sha'awa ne. To, amma yaya za a yi da wurin da abin da mutanen da suka bari shi ne ramuka, da tsibin tsakuwa, da tsaunin da aka rushe?

Wannan tambaya ta taso a 1997, sa'ad da kwamitin UNESCO ya zauna kan wani wuri a arewa maso yammacin ƙasar Sifen mai suna Las Médulas. Tun ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka yi wajen shekara 200 suna haƙar zinariya a can, kuma ruwa ne babban makaminsu. Sun sassaƙa magudanai na ɗaruruwan kilomita a jikin tsaunuka, suna tara ruwan a tafkuna bisa tudu. Sai su huda ramuka a cikin tsaunin, su sako ruwan gaba ɗaya. Ƙarfinsa ya tsattsage ƙasar, gefen tsauni ya zube. Daga nan a bi da laka cikin dogayen kwararo da aka shimfiɗa wa rassan wani ƙayayyen tsiro, zinariya ta maƙale a ciki, a ƙona rassan, a wanke tokar. Abin da ya rage yau shi ne jajayen tsaunuka masu tsini, kamar manyan gidajen gara.

Wakilin ƙasar Tailan ya ƙi amincewa a sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya. A ganinsa aikin ɓarna ne, kuma karrama shi ya saɓa wa kiran da ake yi na kare muhalli. Jamus da Finlan suka goyi bayansa. Duk da haka aka sa shi, bisa hujjar cewa babu inda ake iya karanta fasahar Rumawa ta haƙar ma'adini a fili kamar nan.

Kafin a yanke hukunci tsakaninsu, ya kamata a fahimci ilmin da ke cikin aikin, domin ba baƙo ba ne a gidajen Hausawa. Duk macen da ta taɓa rege shinkafa a ƙwarya ta san shi: a zuba ruwa, a girgiza, shinkafa ta bi ruwa ta fita, tsakuwa ta kwanta a ƙasa. Sirrin yana ga nauyi. Idan aka ɗauki mudu mai cin lita 1, ruwan da zai cika shi kilo 1 ne. Dunƙulen dutsen da yashi ke fitowa daga gare shi, mai wannan girma, zai kai kilo 2.6. Kuza za ta kai kilo 7. Zinariya kuwa ta haura kilo 19. Saboda haka ruwan da ke gudu yakan kwashe yashi ya bar mai nauyi a baya. Kwamin wanki ba kome ba ne illa doguwar ƙwarya da aka karkata, aka gicciya mata sanduna a ciki. Bayan kowace sanda gudun ruwa yakan ragu, nan ƙwayoyin zinariya ke faɗawa su zauna. In an cika karkata kwamin, dukiya ta bi ruwa. In an kwantar da shi da yawa, yashi ya toshe shi. Gwanintar mai wanki duk tana cikin gane wannan tsakaitawa.

Matsalar ita ce yawan ƙasar da ake motsawa domin a sami ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. A Kalifoniya ta Amurka, laka daga irin wannan wanki ta binne gonaki ta cike koguna, har wani alƙali, Lorenzo Sawyer, ya hana zuba ta cikin kogi a 1884. Ramin Malakoff da ya jawo shari'ar yanzu wurin tarihi ne na jiha. Haka ma Bannockburn a ƙasar Niyu Zilan, inda 'yan makaranta ke zagaya kwazazzaban da masu neman zinariya suka bari tun ƙarni na 19.

A ƙasar Hausa zinariya tana yamma ne, wajen Birnin Gwari da Anka da Maru da Yawuri, inda Turawa suka yi ta wanke ta cikin shekarun 1930. Rabon gabas kuza ne. Duwatsun Birnin Kudu, da na Fagam da Kila a ƙasar Gwaram, da na Dutse da Shira, 'yan gida ɗaya ne da na Riruwai da Jos. Narkakken dutse ne da ya kutso daga cikin ƙasa ya daskare, a jere tun daga Azbin har kusa da kogin Binuwai, na arewa sun girmi na kudu. Na Jos shekarunsu sun kai miliyan 160. Wasu daga cikinsu, musamman na Riruwai da Jos, suna ɗauke da kuza. Rana da ruwan sama suka yi ta marmashe su, rafuka suka yi aikin regiya na dubban shekaru, suka tara baƙar kuza a gindin yashi.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai, a kudancin Kano, suna wanke wannan kuza da ƙwarya, su narka ta, su zuba ta ta zama siraran sanduna kamar tsinke, fatake su kai kasuwa. Waɗannan tsinkaye ne suka sa Kamfanin Neja ya bi sawu har ya kai ga tudun Jos a farkon ƙarni na 20. Ba a daɗe ba mulkin mallaka ya kashe sana'ar manarka na gida, 'ya'yansu suka koma lebura a filin da kakanninsu suka gano. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos. Da Japan ta kame Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka shiga kwasar mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas, har zuwa 1944. Da yawa sanyin Jos da yunwa da cuta suka kashe. A Oktoba 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, manyan kamfanonin da suka rage suka durƙushe, aka bar tafkuna da tsibin ƙasa.

Akwai wani abin mamaki a nan. A ramin kuza ne aka fara tono gumakan yumɓu na Nok a 1928, kuma wani kai da aka kai wa Bernard Fagg a 1943 shi ya buɗe binciken. Wato haƙar da ta ɓata ƙasa ita ta fito da tarihin da ya haura shekara 2,000. Gumakan suna cikin gilashi a gidajen tarihi. Ramukan da suka fito daga ciki kuwa, da sunayen waɗanda suka haƙa su, ba a ba su irin wannan daraja ba. Wurare biyu na Nijeriya da suka fara shiga jerin UNESCO, Sukur a 1999 da kurmin Osun na Oshogbo a 2005, babu na ma'adini a cikinsu.

Wakilin Tailan yana da gaskiyarsa. Tafkunan Filato suna cin mutane da dabbobi, kuma a cikin dusar kuza akwai ma'adinan da ke fitar da tururin nukiliya, waɗanda bai kamata a yi gini da su ba. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Irin wannan wuri magani yake bukata tukuna, a kwashe gurɓatacciyar ƙasa, a cike ramin da ke kusa da gari. Amma in aka share kome aka daidaita, an share shaida ke nan. Adanawa ba yabo ba ce. Ana iya killace wani yanki, a kafa allo, a nuna inda ruwa ya bi da inda lebura suka kwana, yaro ya gani da idonsa abin da kilo guda na ƙarfe ke ci. Kuma shiga jerin ba ya hana hatsari: a Agusta 2025 gobarar daji ta ƙone wani babban sashe na itatuwan Las Médulas.

Malamin kimiyya a Gwaram ko Birnin Kudu ba ya bukatar kuɗin mota kafin ya fara. Bayan an ɗauke ruwan sama, akan ga baƙin layi a kan yashin rafi, inda ruwa ya yi kwana. Ɗalibai su ɗebo shi da ƙwarya, su rege, su shanya abin da ya kwanta, su bi da mayen ƙarfe a kai: abin da ya manne ma'adinin ƙarfe ne, sauran a duba shi da tabarau mai ƙara girma. Malamin tarihi kuma aikinsa ya fi gaggawa. Saurayin da aka ɗauka aikin tilas yana ɗan shekara 18 a 1943 ya cika 100 a 2025. 'Ya'yan irinsu suna nan a garuruwa, suna riƙe da labarin tafiyar da sunayen sansanonin da iyayensu suka zauna, kuma littafin rubutu guda ya isa a fara ɗauka.