Idan Alƙali Ya Yi Wa Yaronku Ɗaurin Talala

A ce kana zaune a Kontagora, aka bugo maka waya daga Kumbashi cewa an kama ɗan ƙaninka mai shekara 15 da akuyar maƙwabta. Nan take hankalinka zai tafi gidan yari. To, ba lallai a kai ga haka ba.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai cika shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma ce kada a tsare shi sai an rasa wata mafita. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ma ta tanadi hukuncin da ba na kulle ba. Cikinsu akwai ɗaurin talala: yaro ya koma gida, amma igiyarsa na hannun kotu.

Kafin a yanke hukunci, jami'in jin daɗin jama'a kan binciki gidanku, karatun yaron da abokansa, ya rubuta wa alƙali rahoto. Kada kunya ta sa ku ɓoye masa gaskiya, domin da rahoton ake auna abin da ya dace da yaron. Daga nan sai sharuɗɗa: makaranta ko koyon sana'a, rabuwa da 'yan shaye-shaye, da bayyana gaban jami'in a kan kari. In ya saɓa, kotu na iya hukunta shi kan laifin farko.

Sai dai jami'in ba a ƙauye yake kwana ba. Sa ido na kullum naku ne. Ku rubuta ranakun bayyanar, ku ware kuɗin mota tun da wuri.