Injinan Masana'antar Bututun Ƙarfe: A San Irinsu Kafin A Ba Su Wuta

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya ratsa unguwar Narayi, a kudancin kogin Kaduna, zai ga masu walda suna yanka bututun ƙarfe, wanda suke kira fayif, suna ƙera ƙofofi da tagogi da kujeru. Amma kaɗan ne suka san yadda ake yin bututun, balle irin injinan lantarkin da ke juya na'urorin masana'antarsa. Alhali kuwa sanin wannan ya wajaba a kan ɗaliban aikin lantarki, da ma'aikatan da ke sa hannu a takardun sayen kayan aiki, domin kuskure ɗaya ya isa ya ƙone inji mai tsada, ko ya raunata ma'aikaci.

Ga yadda aikin yake. Ana kawo fallen ƙarfe a naɗe kamar tabarma, a zura shi cikin jerin rololi masu tanƙwara shi sannu a hankali har bakinsa biyu su haɗu. Nan take sai a liƙe bakin da walda, wasu rololin su daidaita kaurinsa, sa'an nan zarto mai bin bututun a guje ya yanka shi. Tilas ne gudun sassan nan ya zo daidai. In na gaba ya fi sauri, ƙarfen ya miƙe ko ya tsinke. In ya yi jinkiri, ya cukurkuɗe. In gudu ya sauya a wurin walda, ɗinkin ya lalace.

Wannan ne ya sa aka daɗe ana dogara ga inji mai amfani da wutar di-si, watau wuta mai bin hanya ɗaya irin ta batir, domin gudunsa yana da sauƙin sarrafawa. Tun 1891 wani Ba'amurke, Harry Ward Leonard, ya fito da dabarar yin haka. Galibin masana'antun murza ƙarfe na zamanin da aka buɗe ta Katsina, cikin 1982, da irin waɗannan injina aka kafa su.

Injin di-si yana da sassa biyu manya: amecha, watau ɓangaren da ke juyawa, da naɗin wayar da ke jikin ganga, wanda ke haifar da maganaɗisu. Yadda aka haɗa su ne yake raba injinan gida huɗu.

Na farko shi ne mai jeri, wanda masu sana'a ke kira siris. Wuta ɗaya ce ke ratsa naɗin ta shiga amecha. Yana da ƙarfin tashi ƙwarai, don haka ake sa shi a na'urar ɗaga kaya. Sai dai in aka kunna shi ba tare da ya ɗauki nauyi ba, gudunsa zai yi ta ƙaruwa har ya tarwatse. Saboda haka ba a haɗa shi da bel, don bel na iya tsinkewa.

Na biyu shi ne mai reshe, ko shant. A nan wuta ta rabu biyu, reshe ɗaya ga amecha, ɗaya ga naɗi. Gudunsa ba ya sauyawa sosai ko nauyi ya ƙaru. Na uku, mai gami, yana ɗauke da naɗin duka biyu, ya ɗebi ƙarfin tashi daga wannan, natsuwa daga wancan.

Na huɗu shi ne wanda naɗinsa ke samun wuta daga wata hanya dabam. Shi ne aka fi sa wa rololin tanƙwarawa da na daidaitawa, domin ana iya sarrafa wutar amecha da ta naɗi kowace ita kaɗai. Haɗarinsa, kamar na shant, shi ne in wutar naɗin ta yanke yana cikin aiki, zai iya ɓallewa da gudu. Don haka ake sa masa na'urar da ke kashe shi nan da nan.

To, yaya za a gane su? Da farko a karanta farantin da ke jikin injin. In an rubuta ƙarfin wutar amecha dabam, na naɗi dabam, to na huɗu ne. In farantin ya goge, a buɗe akwatin wayoyi. A tsarin Amurka, A1 da A2 na amecha ne, F1 da F2 na shant, S1 da S2 na siris. A tsarin Turai kuwa, D1 da D2 na siris ne, E1 da E2 na shant, F1 da F2 na mai wuta dabam. A lura, harafin F ba ma'ana ɗaya gare shi a tsarin biyu ba. In alamun ma sun ɓace, a cire wuta, a auna da mita. Naɗin siris waya ce mai kauri, zagaye kaɗan, awonta yawanci bai kai om 1 ba. Na shant kuwa siririya ce, zagaye da yawa, awonta kan kai gomomi ko ɗaruruwan om.

A yau sababbin masana'antu sun karkata ga injinan wutar e-si, irin wadda ake kawowa gidaje, tun da an sami na'urorin sarrafa gudunsu, kuma ba su da burushin da ke cinyewa. Tsofaffin injinan di-si sai su faɗa hannun 'yan gwangwan, a kasuwanni irin su Panteka, sau da yawa ba faranti ba takarda. Mai saye daga nan, ko malamin bita ne ko mai ƙaramar masana'anta, lalle ya tafi da mita da wanda ya iya karanta ta. Awon minti kaɗan ya fi araha bisa sake naɗin injin da ya ƙone.