Jinkiri Uku Da Ke Cin Ran Masu Ciki, Da Yadda Unguwa Ke Maganinsu

Zubar jini bayan haihuwa kan iya ɗauke mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. Sau da yawa a tsakar gida awa biyun nan ke ƙarewa, ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa, ana neman mota, ana neman kuɗin mai. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan duniya da suka rasu sanadin ciki ko haihuwa 'yan Najeriya ne.

Tun 1994 masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kasa matsalar gida uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ga yadda wasu garuruwa suka haɗa kai a kan kowanne.

Izinin maigida

A jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, an fara "makarantun magidanta" a 2008 da tallafin asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba aji ba allo. Magidanta ne da ake ganin mutuncinsu, waɗanda matansu ke zuwa asibiti, suke zama a kai a kai suna tattauna abin da ke hana mata awo, sannan su bi majalisu suna jan hankalin 'yan'uwansu maza. A wasu ƙauyukan har banɗaki da ɗakin kwanan ungozoma suka gina wa asibiti da aikin gayya. A arewacin Najeriya kuwa, masu wayar da kai sun riƙa roƙon maza su ba da izini tun da wuri: ko ba ya gari, naƙuda ta zo da gardama, a tafi.

Mota a tsakar dare

A jihohi irin su Jigawa, Katsina, Zamfara da Yobe, an haɗa gwiwa da ƙungiyar direbobi ta NURTW. An horar da direbobin sa-kai su gane alamomin haɗari, su ɗauki mai naƙuda ko da ƙarfe nawa ne. A wasu tashoshin, tukuicin direban shi ne a bar shi ya yi lodi ba tare da bin layi ba.

Kuɗi da jini

Ko an isa asibiti, rashin jini ko kuɗin magani kan tsayar da aiki. Shi ya sa wasu ƙauyuka suka kafa asusun gaggawa da ake rantawa a biya daga baya, tare da jerin masu ba da jini da suka san rukuninsu.

Uwargida, wannan bai fi ƙarfin unguwarku ba. A taron adashi ko na Islamiyya mai zuwa, ku ware wani abu don masu ciki. Ku ajiye lambar direba ko mai a-daidaita-sahu biyu a wayoyinku. Ku nemi mai unguwa da liman su yi wa maza maganar izini. Kuma kowa a gidan, har uwar miji, ya san alamomin da ba a jira: zubar jini, jijjiga, matsanancin ciwon kai da dishi-dishin gani, zazzaɓi mai zafi, naƙudar da ta haura awa 12. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A unguwarku, wa ake kira idan naƙuda ta tashi da dare? Ku faɗa mana a sashen sharhi, wata ta ƙaru da ku. Allah ya sauki masu ciki lafiya.